TAUSAR ƘAFA GA MAI JEGON DA AKA YI WA AIKI

Kowa ya san hidimar da ake yi wa mai jego a garuruwanmu. Tun da asuba an hura wuta, an ɗora tukunyar wanka, an yanko ganye. Tsohuwa ta zauna ta gasa mata jiki, ta danna mata ciki. A dama kunu, a dafa ƙauri, 'yan barka suna shiga suna fita.

Amma ga wata mai jego ta dawo daga asibiti da ɗinki a mararta. Haihuwa ta zo mata da gardama, likita ya yi mata aiki, ya ciro jaririn ta ciki. An ce kada a danna mata ciki, kada a watsa mata tafasasshen ruwa. Tsofaffi sun yi cirko-cirko, sun rasa ta inda za su kama. Ita kuwa tana kwance, ciwo yana cinta, tsoro ya cika mata zuciya, kunya ta hana ta magana.

To, ya ku masu gida da uwayen gida, me za a yi wa wannan baiwar Allah? Abu na fari, a ba ta maganin da likita ya rubuta a kan lokacinsa. Abu na biyu, hannuwan da aka hana su taɓa ciki, sai su koma ƙafa. Tausar ƙafa tana rage mata zafin ciwo, tana kwantar mata da hankali, ba ta kuma cin ko kwabo. Sai dai tana da ƙa'ida, tana kuma da lokacin da ba a yinta sam. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba.

MENE NE WANNAN AIKI?

Wani lokaci ɗa yakan kwanta a gicciye. Wani lokaci ƙugun uwa yakan yi masa kaɗan, ko mabiyiya ta tare hanya, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, ko naƙuda ta yi tsawo har uwa da ɗa su galabaita. In haka ta faru, likita ba ya jira. Sau da yawa akan yi wa macen allura a baya, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafafu, ita kuwa idonta biyu. Sa'an nan a yanka ƙasan mara a gicciye, kamar inci 4 zuwa 6, a buɗe mahaifa, a ɗauko jariri, a ɗinke. Galibi aikin ba ya kai awa guda.

Wannan aiki ya ceci rayuka masu yawa. Ya kuma tsare mata da yawa daga yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke haddasawa. Matar da aka yi wa aiki ba raguwa ba ce. Wanda ya yi mata gori ya yi zalunci, gama ba ita ta zaɓi yadda ɗa zai kwanta ba.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin haihuwa 100, kamar 3 ne kaɗai aka yi ta hanyar aiki, a ƙauyukan Arewa kuwa abin bai ma kai haka ba. Shi ya sa gidaje da yawa ba su taɓa jinyar irin wannan mai jego ba. Rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka sai mu koya.

CIWO DA TSORO TARE SUKE TAFIYA

Ciwon da ke damunta iri uku ne. Akwai zafin yankan kansa, wanda yakan tsananta in ta yi tari, ko dariya, ko ta juya. Akwai murɗawar mara, domin mahaifa tana tsukewa ta koma yadda take dā, musamman sa'ad da jariri ke shan nono. Akwai kuma iska da ke taruwa a hanji a kwanakin fari, ta kumbura ciki.

Bayan wannan ga tsoro. Tana tunanin ko ɗinki zai ɓalle. Tana tunanin kuɗin da aka kashe. Tana tunanin abin da dangin miji za su ce, da ko za ta sake haihuwa. In haihuwar fari ce, abin ya fi yawa.

Ku lura, tsoro yana ƙara ciwo. Mai tsoro yakan ɗaure jikinsa, numfashinsa ya gajarta, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. Naman ciki da ya ɗaure kuwa sai ya ja wurin ɗinki, zafi ya ƙaru. Zafi ya ƙaru, tsoro ya daɗu. Haka za su yi ta bin juna kamar kaza da inuwarta. Barci ya ƙaurace. Nono ma yakan yi nauyin saukowa ga macen da hankalinta ke tashe.

Akwai wani hatsarin kuma. Macen da ciwo ya dame ta ba ta son tashi. Doguwar kwanciya kuwa mugun abu ce bayan aiki, domin tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tana kuma jawo ciwon ƙirji. Don haka ne ma'aikatan asibiti suke tashe ta ta ɗan taka tun a ranar fari ko washegari. Ashe ke nan rage mata ciwo ba shagwaɓa ba ce, hanyar warkewa ce.

YAYA TAUSA TAKE RAGE CIWO?

In yaro ya yi tuntuɓe, me yake fara yi? Sai ya kama yatsan ya yi ta murzawa. Ba wanda ya koya masa, amma yakan ji sauƙi. A 1965 waɗansu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana dalilin haka. Suka ce saƙon ciwo da saƙon taɓawa duka suna bi ta laka, watau igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, kafin su isa ƙwaƙwalwa. A can akwai wani abu mai kama da ƙofa. In saƙon shafa da murza ya yi yawa, sai ya rage wa saƙon ciwo hanya. Suka ce kuma halin da zuciyar mutum take ciki yana iya buɗe ƙofar nan ko ya tura ta.

Ku ɗauki misalin zaure mai ƙofa ɗaya. In mutanen gida sun cika ƙofar suna shiga, baƙo ba ya samun wucewa da sauri. Bai tafi ba, yana nan waje, amma ba ya damun maigida kamar dā.

Me ya sa aka zaɓi ƙafa? Domin tana nesa da ɗinki. Tafin ƙafa kuma cike yake da jijiyoyin ji, shi ya sa cakulkuli ya fi kama shi. Ba sai mai jego ta tuɓe ba, ba sai ta juya ba, tana ma iya ba da nono ana yi mata.

An gwada abin a asibitocin waɗansu ƙasashe, kamar Turkiyya da Iran. Aka raba matan da aka yi wa aiki kashi biyu. Duka aka ba su magani, amma kashi ɗaya aka ƙara musu da tausar ƙafa, waɗansu har da ta hannu. Waɗanda aka tausa suka ce ciwonsu ya ragu, hankalinsu kuma ya fi kwanciya. Amma gwaje-gwajen nan ƙanana ne, sauƙin kuma na ɗan lokaci ne. Saboda haka likitoci suna ɗaukar tausa a matsayin mataimakiyar magani. Ba ta maye gurbinsa.

In wani ya zo muku ya ce ya san wani wuri a tafin ƙafa wanda in an danna shi mahaifa za ta warke, ko hanta, ko ƙoda, ku ba shi kuɗi, to, ku riƙe kuɗinku. Ba a tabbatar da wannan ba. Tausar da muke magana a kanta kowace mace mai tausayi tana iya yinta.

KAFIN KU TAƁA, KU DUBA

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a takardar nan. Kada ku tsallake shi.

A mako 6 na fari bayan haihuwa, jinin mace yana saurin daskarewa, wadda aka yi wa aiki kuwa ta fi wadda ta haihu da kanta shiga wannan hatsari. Gudan jini yakan tsaya a babbar jijiya cikin sha-raɓa ko cinya. In aka matsa wurin, gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe huhu. Wannan yana iya kisa nan take.

Saboda haka kullum, kafin a fara tausa, a yaye zane zuwa gwiwa, a jera ƙafafun biyu a wurin da ke da haske, a gwada su. Kada a yi tausa in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura.
2. Sha-raɓa ko cinya tana ciwo, ko ta yi tauri.
3. Wani wuri a ƙafar ya fi sauran jiki zafi, ko launinsa ya sake.

In kun ga haka, kada ku matsa, kada ku gasa, kada ku kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Ku nemi abin hawa ku kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne.

Ɗan kumburin da ya kama ƙafafu biyu daidai wa daida, ba ciwo, wannan an saba ganinsa bayan aiki, yakan saɓe cikin 'yan kwanaki. Amma in ya haɗu da kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, sai asibiti.

Har wa yau, kada a yi tausa tun ƙafafu ba su farfaɗo daga allurar baya ba, gama ba za ta ji ba in an matsa da yawa. In tana asibiti, a nemi izinin malamar jinya tukuna. Kada a murza wurin da ke da gyambo, ko ƙuna, ko faso mai jini. In tana da ciwon sukari, a tambayi likita.

YADDA AKE YI

1. A tambaye ta ko tana so. In ba ta so, a bar ta, a sake tambaya an jima.

2. Mai tausa ta yanke farce, ta cire zobe da awarwaro, ta wanke hannu da sabulu.

3. Mai jego ta fara zagayawa ta yi fitsari. Sa'an nan ta kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin kai da kafaɗu, a naɗe zane a sa ƙarƙashin gwiwoyi don ciki ya saki. Mai tausa ta zauna wajen ƙafafu. Kada ta ɗaga ƙafar sama da yawa, domin yin haka yana jan ɗinki.

4. A goge ƙafafun da tsumma mai tsabta da ruwa mai ɗumi. A fara gwada ruwan da gwiwar hannu. A tsane su sarai, har tsakanin yatsu.

5. A lakaci man kaɗanya ko man gyaɗa, kamar rabin ƙaramin cokali, a murza a tafin hannu har ya yi ɗumi. Kada a yi da man zafi, don kada ya kai ga idon jariri.

6. A kama ƙafa ɗaya da hannu biyu, a shafa daga yatsu zuwa idon sawu, a dawo, kamar sau 10, sannu sannu.

7. A sa manyan yatsu biyu a tafin ƙafa, a riƙa murzawa ana zagayawa kaɗan kaɗan, daga diddige har gindin yatsu. A ɗan danna yadda ba za ta ji cakulkuli ba, amma kada a kai ga zafi.

8. A bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, a mulmula kowanne a hankali. Kada a ja su har su yi ƙara.

9. A tallafi diddige a tafin hannu, a matsa shi a saki. A juya sawun a hankali, sau 5 dama, sau 5 hagu.

10. A ƙare da shafa mai taushi, a rufe ƙafar da zane, a koma ɗayar. Minti 5 ya isa kowace ƙafa.

Iyakar tausa idon sawu. Kada a hau sha-raɓa, kada a hau cinya. Wannan doka ce har a yi arba'in.

Sa'ad da ake yi, ita kuma ta riƙa jan numfashi ta hanci a hankali, tana saki ta baki. In tari ya zo mata, ta rungume matashi a kan ɗinkin. In an gama, a goge man sarai don kada santsi ya kwashe ta. Ta ɗan zauna bakin gado kafin ta miƙe, saboda jiri. Mai tausa ta sake wanke hannu kafin ta ɗauki jariri.

Ana iya yi sau biyu ko uku a yini. Wadda ta fi amfani ita ce ta bayan sallar isha'i, domin da dare ne ciwo da tunani suka fi takura wa majinyaci. A rage fitila, a sallami 'yan barka, a kashe rediyo. Tsakanin tausa da tausa kuwa, ita da kanta ta riƙa motsa sawunta sama da ƙasa tana kwance, ta kuma tashi ta ɗan zagaya tsakar gida, wani yana riƙe da ita.

WA ZAI YI?

Uwarta, ko gwaggonta, ko yayarta, ko ungozoma, ko abokiyar zama in akwai jituwa. Abin nema shi ne wadda mai jego ta saki jiki da ita. In tana jin nauyin surukarta, kada a tilasta, gama wadda ke jin kunya ba ta sakin jiki, ba ta kuma iya cewa an matsa mata da yawa.

Maigida, kai ma kana iyawa. Ba abin kunya ba ne mutum ya yi jinyar iyalinsa a cikin ɗakinsa. Minti 10 ne kawai. Ba abin da ke kwantar wa mace da hankali kamar ta ga mijinta bai ɗauki abin da ya same ta laifi ba.

An hore 'ya'yanmu mata da dauriya, har ya zama in an ce, "Yaya jiki?" sai su ce, "Da sauƙi," ko da kuwa babu sauƙin. Amma in tsohuwa ta riƙe ƙafar yarinya tana murzawa, ba kowa a ɗakin, ta ce, "Sannu, 'yar nan. Gaya mini gaskiya, ina ne ke miki ciwo?" sau da yawa a nan ne bakin zai buɗe. Sai ka ji ta ce, "Inna, tun jiya ɗinkin nan yake ruwa," ko kuwa, "Inna, kwana uku ban runtsa ba." Ta haka akan gano cuta tun tana ƙarama. Saboda haka mai tausa ta rage surutu, ta yawaita saurare, kada kuma ta kwashe abin da ta ji ta kai tsakar gida.

ABIN DA TAUSA BA TA YI

Tausa ba ta warkar da yanka, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta tsai da jini. Kada a ce tun da ana tausa sai a ajiye magani. A sha shi yadda aka rubuta, kada a jira sai ciwo ya yi tsanani. Farasitamol ba ya cutar da jariri mai shan nono in an sha shi bisa ƙa'ida. Amma kada a sayo mata ƙwaya a hannun masu talla. Irin su taramadol da kodin suna bi ta nono, su sa jariri barci mai nauyi, har numfashinsa ya raunana.

Ku kai ta asibiti maza in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zazzaɓi ko rawar sanyi.
2. Ɗinki ya kumbura, ko yana fid da mugunya, ko ya buɗe.
3. Jini ya ƙaru yana zuba da yawa, ko da manyan gudaji, ko yana wari.
4. Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko jijjiga.
5. Ciwon ƙirji, ko numfashi da ƙyar, ko tari da jini.
6. Ciwon ciki yana daɗa ƙaruwa maimakon raguwa, ko amai ba tsayawa.
7. Baƙin ciki da kuka da rashin barci sun wuce mako 2, ko ta ƙi jaririnta, ko tana maganar halaka kanta. Wannan ciwo ne, yana kuma da magani a asibiti.

GAME DA WANKA DA KUNUN KANWA

Mai jego ta yi wanka kullum, gama tsabta tana cikin magani. Amma da ruwa mai ɗumi, yadda malamar jinya ta nuna, a kuma tsane wurin ɗinki da tsumma mai tsabta. Kada a fyaɗa masa ganye, kada a shafa masa toka ko wani haɗi, kada a danna cikin. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a yankin, suka danganta shi da yawan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gado mai wuta. A dama mata kunu ba kanwa. A ba ta nama, da ƙwai, da wake, da ganye, da ruwan sha mai yawa.

Har a yi arba'in, ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba ɗaukar abin da ya fi jaririnta nauyi. A koma asibiti ranar da aka ce. A yi shawara da ma'aikatan lafiya a kan hutun shekara 2 kafin wani ciki, don mahaifa ta yi ƙwari. Haihuwa ta gaba kuwa lalle a asibiti za a yi ta.

KU TUNA

Magani a kan lokaci. A duba ƙafafu kafin a taɓa. Minti 5 kowace ƙafa, iyaka idon sawu. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sai asibiti.

Lafiya uwar jiki. Uwa kuwa in ta sami lafiya, jariri ya sami nono, gida ya zauna daidai. Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya abin da aka samu, amin.